Takardun Malama Guntu

Shekara goma sha biyar ke nan ina buga takardu a ofishin makarantarmu, kuma idan aka ce in faɗi mutum ɗaya da ya fi kowa cinye min takarda, ba sai na tsaya tunani ba. Malama Guntu ce. Kowace Litinin, tun kafin in gama goge injin fotokwafi, za ta turo ƙofa da kafaɗa, hannunta riƙe da zanen da ta yi a gida da baƙin alƙalamin maka: ƙwallo, ko kofi, ko kifi mai ƙaton ciki. Sai ta ajiye min a gabana ta ce, "Talatin da biyu, 'yar'uwa, kuma kada injin nan naki ya cinye min layi." Ni kuma in ce mata injin ba ya cin layi, idonta ne ya fara tsufa. Gaisuwarmu ke nan ta safe.

Ajinta shi ne rabin aji, na 'yan shekara huɗu, ɗakin ƙarshe kusa da famfo, mai ƙananan kujeru masu launin ruwan ganye. Sunan Guntu kuwa malamai ne suka laƙaba mata don tsokana, har ya bi ta. Duk sabon fakitin kala da aka kai ajinta, irin mai kama da kyandir ɗin nan da yara ke cika zane da ita, zama take ta ɓare takardar jikinsu tas, sannan ta kakkarya kowace ɗaya gida uku. Mai kula da sito ya kai ƙararta ya fi a ƙirga. Yana ganin sabon kaya ya koma guntaye sai ya kama kai yana salati, kamar an yi masa rasuwa.

Ni ma da farko ɓarna na ɗauka. Wata rana na tambaye ta, sai ta ciro doguwar kala ɗaya daga aljihu ta miƙa wa wani yaro da ke wucewa. Yaron ya damƙe ta da hannu gaba ɗaya kamar mai riƙe da guduma. Ta karɓe, ta ba shi guntu da bai wuce gaɓar yatsa ba. Ba wanda ya ce masa komai, sai ga shi ya kama da yatsu uku, babba da manuniya da na tsakiya, don babu inda sauran za su samu su riƙe.

"Kin gani?" ta ce. "Ni ban koya masa ba. Guntun ne ya koya masa. Ni aikina karyawa."

Mahaifinta mai gyaran agogo ne, a wata 'yar rumfa bakin titi. Tana ƙarama takan zauna ƙarƙashin teburinsa tana tsince masa ƙananan kusoshin da suka faɗi, kuma ta ce a can ta gane cewa yatsu ma raino suke buƙata kamar yaro. Karatunta bai yi nisa ba, aji uku ta yi a sakandare mahaifin ya kwanta ciwo ta dawo gida. Makarantarmu da aikin raino ta shigo ta, share hanci da kai yara banɗaki. Wata rana malamar ajin ba ta zo ba, Hajiya mai makarantar ta leƙo ta tarar da yara talatin sun yi tsit, kowa ya duƙufa kan takarda, mai rainon tana zagaye su hannunta a baya. Hajiya ta juya ta tafi abinta. Da zango ya zagayo ta ba ta ajin, kuma shekara ashirin da bakwai ajin yana hannunta.

Tana da tsarinta, ba ta kuma sauya shi don kowa. Makonnin farko a bango take liƙa takardar, yaro ya yi kala a tsaye, wai kafaɗa ce ke fara koyo kafin wuyan hannu. Zanen ƙato ne, layinsa mai kauri kamar yatsa. Daga baya su koma ƙasa su yi rub da ciki a tabarma, sannan su hau tebur. Kowane wata zanen yana ƙanƙancewa, layin yana sirancewa, har ƙarshen shekara ka ga yaro yana cika idon kifi bai fita layi ba. A lokacin ne iyaye ke lura cewa yaron ya fara saka maɓallin rigarsa da kansa, yana jan zik ɗin jaka, yana buɗe gorar ruwa ba tare da ya kira kowa ba.

Doka ɗaya gare ta da ko Hajiya ba ta isa ta taɓa ba: ba a kama wa yaro hannu. Ko zai yi wata biyu yana watsa ja a kan fuskar kifi da bayan takarda da tebur, ba za ta ɗora hannunta a kan nasa ba. Idan ta kama mai raino tana taimakon yaro, ranar ajin ba ya zaunuwa. "Idan kika kama masa, hannunki ne ya ƙara ƙwarewa, kuma ke kin riga kin iya," haka take cewa.

Kada a ɗauka waliyya nake ba da labari. Malama Guntu akwai taurin kai, akwai baki. Uban da ya zo yana tambayar me ya sa ɗansa bai fara rubuta ɗaya zuwa ɗari ba kamar ɗan maƙwabcinsa, sai ta ce masa ya kai shi makarantar maƙwabcin, ƙofa a buɗe take. Kuma ba ta barin takardar yaro ko ɗaya ta je gida sai an gama shekara. Ta ce idan ta je gida, ko a yi wa yaron dariya, ko yayarsa ta gyara masa, ko uwarsa ta kunna risho da ita. Don haka kowane yaro da fayil ɗinsa, kowace shekara da katan ɗinta, an jera su a saman kabad har sun kusa taɓa silin. Na sha gaya mata wannan ɓoye aiki da take yi ba dabara ba ce, ta ce in ji da injina.

Da Hajiya ta rasu, ɗanta ya karɓi makarantar. Shi ba a ce masa mai makaranta, Darakta ake ce masa. Ba mugun mutum ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da abu bai zama gaskiya a wurinsu ba sai sun gan shi a rubuce da hatimi. A taron malamai na farko ya ce duk mai riƙe da aji dole ya kawo takardar shaidar koyarwa. Kowa ya san da wa yake. Da aka tashi ya kira ta gefe, da ladabi kuwa, ya ce saboda darajar mahaifiyarsa zai bar ta ta ƙarasa shekarar, a zango na uku zai duba aikin ajin da idonsa, sannan ya yanke ko ajin zai ci gaba da zama a hannunta. Ta dawo ofishina ta zauna a kan katan ɗin takarda, ta ce, "Ya duba mana. Hannun yaran nan ai ba ya ƙarya." Ni dai na san ajin nan shi ne rayuwarta. 'Ya'yanta biyu sun girma sun bar gari, gidan daga ita sai rediyo.

A wannan shekarar ne 'Yar Malama ta dawo.

Haka kowa ke kiranta tun tana ƙarama, har wasu sababbin malamai sun ɗauka Malama Guntu ce ta haife ta. 'Yar maƙwabciyarta ce. An kawo ta ajin tana shekara huɗu da hannu kamar ba nata ba, ko kofi ta ɗauka sai ya suɓuce, har a gida an fara cewa hannun ba zai yi amfani ba. Malama Guntu ta yi shekara cur a kanta. Bayan nan yarinyar ta zama 'yar gida. Mama take ce mata, a can take wuni ranar Asabar, a can aka yi mata kitso ranar da za ta tafi sakandare. Yanzu ga ta ta girma, tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, an turo ta gwajin koyarwa, kuma tana da kundin kammala karatu da za ta rubuta. Ta zaɓi ta rubuta a kan yadda yin kala ke ƙarfafa yatsun yara.

Ranar da ta faɗa mata haka, Malama Guntu sai da ta zagaya duk azuzuwa tana ba da labari. Bakinta ya ƙi rufuwa. "Za a sa aikina a littafi," take cewa. "Abin da ban iya rubutawa ba, 'yata za ta rubuta." Ni kaina na yi murna, na ce Allah ne ya kawo mafita, tunda Darakta rubutu yake so, ga rubutu ya zo har gida.

Yarinyar ta ce tsarin binciken sai an raba ajin biyu. Yara goma sha shida su zauna da Mama, goma sha shida ta riƙa ɗaukarsu awa ɗaya kullum a ɗakin da ke gefe, ta gwada musu abin da aka koya mata a kwaleji. Malama Guntu da ba ta yarda ko ƙuda ya shiga tsakaninta da yaranta, ta yarda nan take. Ita 'Yar Malama dogayen kaloli ta kawo, da hotunan da ta ciro daga kwamfuta, motoci da gidaje masu ƙananan tagogi barkatai. Ni nake buga mata su. Na taɓa ce mata, "Anya ɗan shekara huɗu zai iya waɗannan tagogin?" Ta yi murmushi ta ce, "Anti, zamani ya sauya."

A tsakiyar zango na biyu ta shigo ofis idonta ja. Ta ce malamin da ke duba kundinta ya dawo mata da babi guda. Ta gwada yaran duka, sai na wajen Mama suka fi nata, ba ma kusa ba. Malamin ya ce mata idan sabuwar hanya ba ta fi tsohuwa ba, to me ta je yi wata huɗu? Na ce, "To ki rubuta gaskiya mana, ki ce hanyar Mama ta fi. Ai shi ma sakamako ne." Ta ce, "Anti, ba za ki gane ba. Idan na maimaita shekara, wa zai ɗauke ni aiki?" Na ba ta ruwa ta sha, na lallashe ta, na manta da maganar. Wannan mantuwar tana cikin abubuwan da har yau nake jin haushin kaina a kansu.

Bayan mako biyu na shiga ɗakin gefe lokacin da yara suka fita tara, neman abin huda takarda da ta ara. Na same ta ita kaɗai a kan ƙaramar kujera, ta tara takardun yara a gabanta, tana cika tagogin wani gida da shuɗi, kuma da hannun hagu take yi alhali ba bahaguwa ba ce. Na yi dariya na ce, "Ke kuma an mayar da ke rabin aji ne?" Ta ɗan firgita, ta ce kalolin take gwadawa ko suna kamawa. Ni da ake ce wa mai ido a ofis, wadda ke gano kuskuren harafi ɗaya a shafi guda, na ɗauki abin hudata na fita ina dariya.

Da zango na uku ya zo ta roƙi Mama ta ba ta fayil ɗin yaran bana gaba ɗaya, wai za ta ƙirga ta jera su a kundin. Malama Guntu da kanta ta hau kujera ta sauko da katan ɗin, ta goge ƙurarsa da gefen mayafinta, ta ɗora mata a hannu. Har ta ƙara mata da na shekaru biyu baya, ko za su yi amfani.

Darakta kuwa bai taɓa taka ƙafa ajin ba. Da 'Yar Malama ta ce masa za ta iya gabatar da sakamakon bincikenta a taron iyaye na ranar rufe makaranta, sai ya ga ai ta hutar da shi, duba aikin aji ya zo masa a shirye. Kwana biyu kafin taron ta kawo min rubutu biyu in buga mata da manyan haruffa, ɗaya Tsohuwar Hanya, ɗaya Sabuwar Hanya. Na buga. Har tambayarta na yi ko in sa musu ado a gefe.

Ranar taron Malama Guntu ta zo da kayan da ban taɓa ganin ta sa su ba sai a bikin ɗanta. Ta zauna a layin gaba, jakarta a cinya. Zauren ya cika, fanka biyu na juyawa, ana ta jan kujerun roba. An rufe bangon gaba da zannuwa biyu, hagu da dama. Bayan jawabin Darakta da waƙar yara, aka kira 'Yar Malama. Ta fito da takardu a hannu, malaminta na kwaleji yana zaune gefen Darakta yana gyaɗa kai.

Ta fara yaye zanen dama. Takardu goma sha shida, gidaje da motoci, kowace taga an cike ta tsaf, da ɗan karkacewa kaɗan nan da can yadda za ka ce lallai yaro ne. Iyaye suka yi tafi. Sannan ta yaye na hagu.

Ƙwallo ne, irin ƙaton nan mai layi kamar yatsa. Goma sha shida. An watsa musu kala ta ko'ina, wani ja ya tsallake layi ya fita takarda, wani layi uku kawai ya ja ya bari, wani ya dirje wuri ɗaya har ya yi baƙi. A saman kowace takarda ga sunan yaro da rubutun Malama Guntu. A samansu duka kuma ga manyan haruffan da na buga da hannuna.

Na san ƙwallon nan. Ni na buga shi, Litinin ɗin farko ta shekara, lokacin da rabin yaran ke kuka suna neman iyayensu.

'Yar Malama ta ce, da muryar nan tata mai sanyi, waɗannan su ne sakamakon ƙarshen shekara na ɓangarori biyu. Ta ce a ɓangaren hagu ana barin yara su yi yadda suka ga dama, da guntayen kala, ba tare da jagorar malami ba. Ba ta ambaci sunan kowa ba, kuma ba ta buƙatar ta ambata. Ta karanto lambobi, kashi kaza cikin ɗari, malaminta yana rubutu a littafinsa. Ko sau ɗaya ba ta dubi layin gaba ba.

Zauren ya ɗauki surutu. Wata mata ta tashi ta je har bango ta karanta sunan ɗanta, ta juyo ta ce, "Shekara guda? Wannan shi ne shekara guda?" Wani daga baya ya ce dama shi ya sa ake ɓoye musu takardun. Wata kuma ta ɗaga murya ta ce ita dai 'yarta yanzu da kanta take ɗaure takalmi, amma ba wanda ya saurare ta. Mutane abin da ke bango suke kallo.

Na miƙe zan yi magana, sai na ji hannu ya riƙe gefen rigata. Malama Guntu ce, ta miƙo hannu ta baya ba tare da ta juyo ba. Ta ja ni na zauna.

Darakta ya karɓi makirufo ya ce a yi haƙuri, makaranta ta ga abin da iyaye suka gani. Ya ce daga zango mai zuwa sabuwar malama mai ilimin zamani za ta karɓi rabin aji, ya nuna 'Yar Malama, aka yi tafi. Ya ce Malama kuma ta yi wa makarantar hidima mai tsawo, lokaci ya yi da za ta huta, a tafa mata. Aka tafa mata. Ta miƙe tsaye, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi, ta koma ta zauna. Wallahi da zagi aka yi mata da ya fi min sauƙi a kan tafin nan.

Da aka watse, 'Yar Malama ta zo wucewa ta gabanmu, tana bin Darakta da malaminta zuwa ofis. Ta ɗan tsaya, idonta a kan takalminta.

"Mama, zan zo gida in yi miki bayani."

"To," in ji Malama Guntu. "Allah ya kai mu."

Masu shara suka fara tattara kujeru. Muka rage mu biyu a gaban bango, rana ta shigo ta taga ta haske takardun. Ni na fara, don idan ban yi magana ba zan fashe. Na ce wannan cin amana ne tsirara, na ce yarinyar nan ta ci abincinki ta yi barci a gadonki, na faɗa mata abin da na gani a ɗakin gefe da hannun hagu, na faɗa mata maganar babin da aka dawo da shi. Na ce gobe a kira yaran su yi kala a gaban Darakta, kowa ya ga hannun kowa.

"An yi hutu," ta ce. "Kuma ba zan jera 'yan shekara huɗu su tsaya min shaida ba."

"To ki karɓo sauran takardun. Na watan jiya, masu kifin nan."

Ta dubi bango. Sannan ta ce, "Ruɗewa ta yi, 'yar'uwa. Takardun da yawa, katan uku na ba ta. Ta ɗauko na farko ta ɗauka na ƙarshe ne. Yarinya ce, ga jarrabawa a kanta, ga malamin nan ya sa ta gaba. Na damar nan kuma, ƙila ta ɗan gyara musu baki, ba daidai ba ne, zan yi mata faɗa. Amma na hagun nan ruɗewa ce."

Na dube ta. Matar da ba ta taɓa raga wa uban yaro ba, matar da ta sa mai raino kuka saboda ta taɓa hannun yaro, ga ta tana ɗinka wa wata uzuri da zare mai kauri. Haushi ya sake kama ni, har da ita.

"Ruɗewa? Wace irin ruɗewa ce za ta zaɓo ƙwallo goma sha shida cif?"

Sai ta juyo da sauri, fuskarta ta ɗan saki, kamar wadda ta tuna inda ta ajiye makulli.

"Ai da kwanan wata," ta ce. "A bayan kowace ina rubutawa da fensir, can ƙasa gefen dama. Ba ta juya ba ne shi ya sa. Ciro ɗaya. Sai mu kai mata ta gani da idonta, ita da kanta ta je ta faɗa wa Darakta an yi kuskure. Kin ga ba sai an kunyata ta ba."

Na ja kujerar roba na hau, na ɓamɓare salatif a hankali, na sauko da ta farko na miƙa mata. Ta juya ta. Fari fat.

"Ciro wata," ta ce.

Na ciro ta biyu, da ta uku. Na ci gaba har na sauko da goma sha shidan, tana karɓa tana juyawa tana ɗorawa a kan kujera. Babu ko ɗaya mai rubutu a baya. Ta ɗauki ta ƙarshen ta matsa kusa da taga, ta karkata ta ga hasken rana. Na leƙa ta kafaɗarta. Can ƙasa gefen dama takardar ta ɗan fi sauran wurin haske, kuma idan ka ƙura ido za ka ga inda bakin fensir ya taɓa lotsa ta. An bi da kilina an goge, ɗaya bayan ɗaya.

Ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsanta. Na jira ta yi kuka, ko ta yi zagi, in taya ta. Masu shara sun kai layinmu, ɗaya ta tsaya da tsintsiya tana jira mu matsa.

"Dubi yadda ta goge," ta ce a hankali. "Goma sha shida, ko ɗaya ba ta huje ba, ko ɗaya ba ta yamutse ba. Wannan sai hannun da ya zauna. Ni na zaunar da shi."

Ta tattara takardun ta daidaita bakinsu a kan gwiwarta, ta buɗe jaka ta saka, ta ce wa mai sharar ta yi haƙuri mun tsayar da ita.